Eric Goode: Daga Gidan Rawa a New York Zuwa Ceton Kunkuru

Wane ne shi?

Ba'amurke ne, an haife shi a 1957, ya tashi tsakanin New York da Kalifoniya. Mutanen New York sun san shi da gidajen rawa da otal-otal, masu kallon Netflix sun san shi da shirin Tiger King, masana dabbobi kuwa kunkuru ya haɗa su da shi. Kuma kunkurun ne ya riga sauran. Yana ɗan shekara 6 aka ba shi kyautar wani ɗan ƙarami, tun daga ranar bai sake rabuwa da su ba.

Da me ya fara yin suna?

Da wani gidan rawa mai suna Area, wanda ya buɗe a 1983 a unguwar TriBeCa, shi da ɗan'uwansa Christopher da abokansu biyu. Abin da ya bambanta wurin shi ne, duk bayan mako 6 sai a rushe adon cikinsa kakaf, a sake sabo bisa wani jigo daban. Wanda ya zo wancan watan, in ya dawo sai ya rantse ɓatan hanya ya yi. Katin gayyatar buɗe gidan ma ƙwayar magani ce, sai ka jefa ta a ruwa ta narke sannan takardar ta fito. Manyan masu zane irin su Andy Warhol da Keith Haring da Jean-Michel Basquiat duk suna zuwa. A 1987 aka rufe shi.

Daga nan ya koma harkar abinci da masauki. Shi da abokin kasuwancinsa Sean MacPherson suka buɗe otal ɗin Maritime da na Bowery da na Jane, da gidan cin abinci na Waverly Inn. Nan dukiyar ta taru.

To yaya aka yi mai otal ya koma kiwon kunkuru?

Yana da wani fili a garin Ojai na Kalifoniya inda ya daɗe yana ajiye nasa. Sai hukumar da ke kula da gidan namun daji na Bronx ta yanke shawarar rufe wurin da take kiwon kunkurai masu wuyar samu a wani tsibiri na jihar Jojiya. John Behler, shugaban sashen dabbobi masu jan ciki na gidan, ya nemi Goode ya karɓe su. Ya karɓa. A 2005 aka kafa ƙungiyar Turtle Conservancy, cibiyar kiwon da ke Ojai kuma aka sa mata sunan Behler.

Me ya sa kunkuru, ba giwa ko zaki ba?

Saboda giwa da zaki suna da masu yi musu kuka. Nau'in kunkuru da kififfiya a duniya sun kai wajen 360, fiye da rabinsu kuma suna fuskantar barazanar ƙarewa. Ana cin namansu, ana haɗa magani da ƙoƙonsu, ana share dajinsu a yi gona, ana kuma sace su a sayar wa masu ajiye dabba a gida. Ga shi halittar ba ta gaggawa: wasu sai sun shekara 15 ko fiye kafin su fara ƙwai. In ka ɗauke uwa ɗaya daga daji, ka ɗauke ƙwan shekaru masu yawa.

Wanda ya fi tayar wa Goode hankali shi ne na Madagaska da mutanen can ke kira angonoka. Ƙoƙonsa a tashe yake kamar an kifa ƙwarya, launinsa ruwan zinare, namijin kuma yana da wani tsini a ƙarƙashin wuya da yake kifar da abokin faɗa da shi. A duk duniya, a yankin Baly kaɗai yake rayuwa, a arewa maso yammacin tsibirin. A 1996 ɓarayi suka fasa wata cibiyar kiwo a Ampijoroa suka kwashe 75. A 2013 aka kama 54 cikin kaya a filin jirgin saman Bankok. Kullum yana ƙara ƙaranci, kullum kuɗinsa na ƙara tashi, tashin kuɗin kuma shi ke ƙara turo ɓarayi.

A nan nake ganin tsohuwar sana'arsa ta yi masa rana. Mutumin da ya shekara yana tsayar da jama'a a layi bakin ƙofa, ana zaɓen wanda zai shiga, ya san yadda zuciya ke kwaɗayin abin da ba kowa ke samu ba. Kuma shi kansa mai tara kunkuru ne kafin ya zama mai kare su. Ya san masu sayen ciki da bai.

Me ƙungiyar ta yi a zahiri?

Abu mafi ban mamaki shi ne ɓata ƙoƙon da gangan. Su da ƙungiyar Durrell da ta daɗe tana aiki a Madagaska suna sa injin zane su sassaƙa lamba da haruffa a bayan angonoka, sama-sama yadda ba zai kai ga ƙashi ba. Mai saye kyau yake nema, in ya ga tambari sai darajar ta faɗi, jami'in kwastan kuma ya san daga inda aka sato shi. Akwai ciwo a ce sai an lalata kyan halitta kafin ta tsira, amma na fi son in gan shi da tabo yana kiwo a dajinsu.

Sai sayen ƙasa, wanda a ganina shi ne aikin da zai fi daɗewa. A arewacin Meziko sun sayi fili mai faɗin eka sama da 40,000 don kunkurun Bolson, mafi girma a Arewacin Amurka. A Afirka ta Kudu sun killace wani yanki don wani ɗan ƙarami mai zanen rawaya da baƙi, wanda gonaki suka cinye kusan duk mazauninsa. A 2016 masana suka tabbatar da wani sabon nau'i a Meziko suka raɗa masa Gopherus evgoodei, don girmama shi.

Ina Tiger King ya shigo?

Bin sawun masu fataucin dabbobi ne ya kai shi ga masu ajiye zaki da damisar Asiya a Amurka. Shi da Rebecca Chaiklin suka shirya shi, ya fito a Maris 2020, daidai lokacin kullen korona, duniya na zaune a gida. Jigonsa wani mai gidan namun daji ne a Oklahoma da ake kira Joe Exotic, wanda kotu ta ɗaure shekara 22, daga baya aka mayar 21, bisa yunƙurin sa a kashe Carole Baskin, wata mai fafutukar kare irin waɗannan namun dajin da ita ma ta fito a shirin, da kuma laifuffukan da suka shafi dabbobi, har da kashe damisa 5.

An soki shirin, kuma sukar tana da tushe. Rigimar mutanen ta danne wahalar dabbobin, Baskin kuma ta yi ƙorafin cewa ba haka aka bayyana mata aikin ba tun farko. Duk da haka, a Disamba 2022 Amurka ta kafa dokar da ta hana mutane su sayi irin waɗannan namun dajin su ajiye a gida, ta kuma hana ba 'yan kallo jariransu suna ɗaukar hoto. Masu fafutuka, da Baskin a cikinsu, sun shekara suna neman dokar. Shirin ya taimaka wajen kai maganar kunnen kowa.

Mu me ya shafe mu?

Babban kunkurun nan na Sahel, mai ƙaho-ƙaho a cinya, wanda ake samu daga Senegal zuwa Nijar, Chadi da Sudan har Habasha, shi ne na 3 a girma a duniya, kuma yanzu yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. An yi ta fitar da shi waje har sai da Amurka ta hana shigo da shi a 2000, saboda kaskar da ke jikinsa mai ɗauke da cutar dabbobi. Yau ana ƙyanƙyashe shi birjik a can, a daji kuwa yana ta raguwa.

Da yawanmu mun san shi a tsakar gida: an huda gefen ƙoƙonsa an ɗaura igiya, yara na jefa masa ɓawon kankana, yana ta tonon gindin katanga. Ramin da yake son haƙawa ke nan, irin wanda yake shiga a daji ya ɓuya daga zafin bazara. Galibi shi kaɗai ne a gidan, ba mace ba namiji kusa da shi, zai kuma iya yin shekara 50 a haka bai bar ko ɗa ɗaya ba.