Fitar da bayanai daga zanen rahoto ta atomatik

Fitar da bayanai ta atomatik shi ne a tsara kwamfuta ta riƙa kwashe alƙaluman da ke ƙarƙashin wani jadawali ko zane na rahoton kasuwanci, ta zuba su cikin fayil a lokacin da aka ƙayyade, ba sai ma'aikaci ya zauna yana dannawa ba. An fi yin haka da manhajojin haɗa rahoto: Power BI na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015, sai kuma Tableau. Mai buƙata yawanci shi ne wanda ba ya buɗe rahoton, misali akanta na kamfanin sayen shinkafa a Birnin Kebbi da ke son adadin buhunan da aka auna a Argungu da Jega da Yawuri ya iso masa cikin Excel kowace safiya.

Iyakar fitarwa da hannu

A Power BI kowane zane yana da maɓallin fitar da bayanai, amma yana da iyaka: layi 30,000 idan fayil ɗin CSV ne (jadawali a rubutu zalla, da waƙafi tsakanin ginshiƙai), layi 150,000 idan na Excel ne. Kuma ba a iya saka masa lokaci. Wasu kan rubuta manhajar da ke kwaikwayon danna maɓallin, sai dai wannan gini ne a kan yashi, domin da zarar an sauya fasalin shafin aikin ya tsaya.

Hanyar da ta fi ƙarko

Abin da masu aikin suka fi dogara da shi shi ne a ƙyale zanen, a ɗauko tambayar da ke ciyar da shi. Kowane zane yana aika tambaya cikin DAX, harshen lissafi na Power BI, zuwa rumbun bayanai. Ana buɗe rahoton a Power BI Desktop, a kunna Performance Analyzer (sashen da ke nuna tambayar kowane zane), a sabunta zanen, a kwafi tambayarsa. Daga nan a koma Power Automate, manhajar Microsoft mai gudanar da ayyuka da kanta, a gina aiki mai matakai huɗu: agogon da zai tayar da shi, matakin aika tambayar, matakin mayar da amsa jadawalin CSV, da matakin ajiye fayil a SharePoint (ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft) ko tura shi ta imel. Dole asusun da ke gudanar da aikin ya sami izinin gini (Build, wato izinin amfani da bayanan) a kan rumbun, kuma mai kula da tsarin ma'aikatar ya buɗe damar aika irin wannan tambaya. Masu Tableau kuwa suna da umarnin tabcmd, wanda ke fitar da CSV kai tsaye.

Tambayar da aka kwafo ba a amfani da ita yadda ta zo. Akwai umarnin TOPN a cikinta da ke taƙaita amsa zuwa layi kusan 500, saboda zanen ba ya ɗauko komai gaba ɗaya. In ba a cire shi ba, fayil zai riƙa zuwa da layi ɗari biyar kullum, ana zaton shi ke nan. Haka nan duk tacewar da ke kan shafin a ranar kwafi tana daskarewa a ciki. Wanda ya kwafa yana kan watan Janairu, Janairu zai yi ta samu har ƙarshen shekara, sai an maye gurbin kwanan da lissafi mai tafiya da rana.

Inda ake samun matsala

Mafi munin kurakuran nan ba sa nuna alama: fayil ya iso a kan lokaci, amma guntu ne ko tsoho. Tambaya ɗaya ba ta dawo da fiye da layi 100,000 ko ƙwayar bayani (abin da ke cikin gida ɗaya na jadawali) 1,000,000, duk wanda aka fara cimma, ga kuma iyakar megabait 15. Jadawali mai ginshiƙi 20 ke nan layi 50,000 kawai zai samu. Maganinsa a rarraba tambayar, wata-wata ko ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma (Kebbi tana da 21), sannan a kwatanta yawan layukan fayil da ƙidayar da ke rumbun.

Tsohon bayani kuma daga sabuntawa yake fitowa. Idan tushen bayanan yana kan kwamfutar ofis, manhajar da ke haɗa ta da intanet sai tana kunne, to in wuta ta ɗauke cikin dare kuma ba a tayar da janareta ba, rumbun ba zai sabunta ba, amma aikin fitarwa zai gudana abinsa da alƙaluman jiya. Idan sabuntawa ta gaza sau huɗu a jere, Power BI na kashe jadawalin sabuntawar ma gaba ɗaya. Shi ya sa ake saka ginshiƙin lokacin sabuntawa na ƙarshe a cikin fayil ɗin.

Sai agogo. Sabar Power BI, wato kwamfutar da ke gudanar da shi a intanet, tana bin agogon duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka tsakanin 12 na dare da ƙarfe 1, “yau” a wurin sabar jiya ce.

Ragowar ɓarnar Excel ke yin ta wajen buɗe CSV. Yana cinye sifirin farko na lambar waya, yana iya karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ na rikiɗewa su zama tarkace idan fayil ɗin UTF-8 (tsarin adana haruffa) ba shi da BOM a farkonsa, wato alamar da ke sanar da Excel tsarin haruffan. Rubuta kwanan wata a tsarin 2025-04-03 na kawar da ruɗani na biyun.

Sirrin bayanai

Aikin yana ganin duk abin da asusun mai shi ke gani. Idan an ƙayyade wa jami'in Zuru ya ga layukan Zuru kaɗai a rahoto, fayil ɗin da asusun manaja ya fitar ba ya bin wannan shinge. Inda akwai sunaye da lambobin manoma, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi fayil ɗin kamar yadda ta shafi rumbun da ya fito daga ciki.