Waiwaye: daga ina jan ruwan rijiyoyinmu yake fitowa?

Maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Kaduna: a ɗebo ruwan burtsatse garai-garai da safe, kafin azahar ya yi ja, gindin bokiti ya kama tsatsa, farar riga ta dafe. Wasu su ce bututu ne, wasu su ɗora wa mai haƙa. Bututu kan yi tsatsa, gaskiya ne, amma maganar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Garin nan a kan tsohon dutse yake zaune, wanda ruwa da zafi suka daɗe suna ci har ya zama jar ƙasa da marmara. Jan nan tsatsar ƙarfe ce, kuma muddin iska na ratsa ƙasar, ba ta narkewa. Tuntuni masana suka lura tana narkewa inda ruwa ya kwanta, amma sun fi jingina abin ga sinadarai, irin sulfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1987, lokacin da wani masanin ƙananan halittu, Derek Lovley, ya ware wata bakteriya daga lakar kogin Potomac a Amurka, wadda daga baya aka raɗa wa suna Geobacter metallireducens. Yadda muke numfashi da iska, haka take yi da tsatsa. Idan iska ta ƙare a ƙarƙashin ƙasa, sai ta ci ruɓaɓɓen abu, ta sauke wa tsatsa ƙwayoyin lantarkin da ta kwaso. Nan take ƙarfen ya sauya kama, ya narke cikin ruwa ba launi. Sai an ɗago ruwan ya sha iska sannan janta ta dawo.

Duk mai noman shinkafa a fadamar kogin Kaduna ya san aikinta ko bai san sunanta ba. Ka kafta fartanya, lakar ƙasa ta fito toka-toka da ɗigon ja a bin saiwa. A saman ruwan kuma wata yana mai ƙyalli kamar mai. Ka taɓa ta da tsinke ta farfashe, alhali man gaske haɗewa yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne abincinta. Bakteriyar nan ba ta aiki da yunwa, kuma unguwanninmu sun cika, gida na jikin gida. Shadda a nan, kwata a can, bola a bayan katanga, rijiya kuma taku kaɗan daga gare su, duk a fili ɗaya.