Rantsuwa ko takarda: taƙaddamar rajistar zaɓe a Amurka

A Amurka babu mai musun cewa ɗan ƙasa kaɗai ke jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Wata dokar tarayya ta 1996 ma ta ce baƙon da ya yi hakan ya aikata laifi, ana iya ɗaure shi. Inda gizo ke saƙar shi ne: da me mutum zai tabbatar shi ɗan ƙasa ne, kuma wa ke da hurumin faɗa?

Dokar rajistar masu zaɓe ta 1993 ta samar da fom guda na tarayya. Mutum zai yi alama a ɗan akwatin da ke cewa shi ɗan ƙasa ne, ya sa hannu bisa rantsuwa. In ƙarya ya yi, shi da kotu. A 2004 sai mutanen jihar Arizona suka kafa tasu dokar, wadda ta ce rantsuwa ba ta wadatar ba, a kawo takardar haihuwa ko fasfo ko makamancinsu.

Tsarin mulkin ƙasar ne ya bar ƙofar rigimar a buɗe. Jihohi ke faɗin wanda ya cancanci zaɓe, amma majalisar tarayya na da ikon sauya yadda ake gudanar da zaɓen 'yan majalisarta. A 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 cikin 9, ta ce dole Arizona ta karɓi fom ɗin tarayya yadda yake.

Arizona ba ta haƙura ba, sai ta raba rajistar gida biyu. Wanda bai kawo takarda ba, yana iya zaɓen 'yan majalisar tarayya, amma ranar zaɓe ba zai ga sunan ɗan takarar gwamna a takardarsa ba.

A Kansas kuwa, irin wannan doka ta riƙe rajistar mutum sama da 30,000 kafin kotun tarayya ta soke ta a 2018, don jihar ta kasa nuna cewa baƙi na yin rajista da yawa. Ni a nan na fi ganin raunin tsarin: Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa guda, kuma matar da ta ɗauki sunan mijinta sai ta tarar takardar haihuwarta na ɗauke da wani suna dabam.

'Yan jam'iyyar Republican yanzu ta majalisa suka biyo. A Afrilun 2025 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin SAVE, mai neman wajabta nuna takarda a duk jihohi 50.