Takardar da likitan ido ke ba ka ka dangwala: me doka ta ce?

Wanda ya taɓa kai tsohonsa sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, mai yiwuwa ya ga haka: an gama auna ido, sai wani matashin likita ya jawo kujera ya ce, "Baba, ina wani bincike kan hawan jinin ido, ko za ka yarda in sa ka ciki?" Ga takarda, ga tawadar dangwale.

Ba ganin dama ya sa shi ba, sharaɗin karatunsa ne. Likitan da ke neman zama ƙwararre a fannin ido yana bi ta Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. A 2018 aka sa hannu kan dokar da ta tsara wannan horo. Jarrabawar hawa uku ce, kuma a hawan ƙarshe, komai iyawarsa wajen cire yanar ido, sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban manyansa. Tun bai tambayi kowa komai ba, sai kwalejin ta amince da tsarin binciken, kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ma ya ba shi izini.

Inda abin ya shafe mu shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ta ce ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an gaya masa manufar binciken da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa, mai daɗi da marar daɗi. In yaro ne, sai da iznin iyaye ko waliyyi. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi zargin an yi wa yara ba da yardar iyayensu ba, ya san dalilin wannan tsauri.

Saboda haka Baba na da ikon cewa a karanta masa takardar da Hausa, ya tambayi ko za a ɗiga masa wani magani ne ko tambayoyi kawai za a yi. Yana iya cewa a'a, ko ya janye daga baya, kuma ƙa'ida ta hana a rage masa kulawa don haka. A ganina kunya ce babbar matsalarmu: dattijo na jin nauyin "likita", sai ya miƙa yatsa alhali ko layin takardar ba ya gani. Ɗan rakiya ya karanta masa tukuna.