Mene ne "sitires tes" na firosesa?

Idan mai gyaran kwamfuta a Bauchi ya ce zai yi wa laftof ɗinka "sitires tes", nufinsa zai jibga wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, aikin da zai cinye ƙarfinta kaf, ya bar ta a haka yana duba abu biyu: zafin da take kaiwa, da ko za ta jure ba ta daskare ko ta mutu ba.

Da manhaja ake yi. Sananniya a cikinsu ita ce Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996 don farautar wasu manyan lambobin lissafi. Tana ba firosesa lissafin da an riga an san amsarsa, da ta kuskure ko kaɗan sai manhajar ta tsaya ta tona mata asiri. Akwai kuma OCCT da AIDA64, a gefe kuma a buɗe HWiNFO ana karanta zafi.

Yawancin firosesar Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, Ryzen 7000 na AMD kuwa 95. Da wuya ka ga ta ƙone, domin da ta doshi iyakar sai ta rage wa kanta gudu. Nan ne wurin sa ido. Zafi ya kafe a 95 ko sama, gudun kuma yana ta zamewa ƙasa, fanka na ihu, to akwai magana. Galibi ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska, ko man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli. Gyaran ba shi da tsada.

Ka kuma yi wa na'urar adalci. A Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke taɓa digiri 40, dole lambar ta ɗara wadda za ka gani a ɗaki mai sanyi.

Ni a ganina wanda ya fi bukatar gwajin shi ne mai sayen laftof ta hannu, a kasuwar Wunti ne ko a wajen aboki. Don ta kunnu Windows ya hau ba ya nuna komai. Roƙi mai ita ya ba ka minti 15, a jona caja (a kan batir da yawansu ba sa sakin ƙarfinsu duka), a ɗora ta kan tebur ba kan katifa ba. In ta ɗauke da kanta ko allon ya koma shuɗi kafin lokacin ya cika, kuɗinka su zauna a aljihu.