Bikin Gafara da Nasara bisa Zunubi a Ibadar Kiristocin Maradi

Bikin gafara da nasara bisa zunubi jigo ne na wa'azi da waƙa da bimbini a ibadar Kirista. Ba shi da rana guda tasa a kalandar ikilisiya, amma ya fi bayyana a makon Ista, wato bikin tashin Yesu Almasihu daga matattu, da kuma lokacin baftisma da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. Ya tsaya a kan ƙafa biyu: Allah ya yafe wa mai tuba saboda mutuwar Almasihu a kan gicciye, sannan wanda aka yafe wa ya fita daga bautar zunubi. A Maradi, inda Kiristoci 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar Musulmi, yawancin wannan ibada da Hausa ake yin ta, kuma siffar da ta ɗauka gado ce daga mishan ɗin da ya kawo ta.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Daga Tsohon Alkawari an fi karanta Zabura 51, addu'ar tuban Dawuda, da Zabura 32, wadda ta kira mutumin da aka yafe wa laifinsa mai albarka. Zabura 103 ta auna nisan da Allah ya sa tsakanin mutum da laifofinsa da nisan gabas da yamma. Masu wa'azi kan haɗa waɗannan da Ranar Kafara ta Littafin Firistoci sura 16, inda ake ɗora zunuban jama'a a kan bunsuru a kora shi jeji.

A Sabon Alkawari, hujjar yin murna ita ce Luka 15. Ɗan da ya cinye rabon gadonsa ya dawo gida, uban ya yanka ɗan maraƙi mai ƙiba, aka yi kiɗa da rawa, wan kuwa ya yi fushi ya ƙi shiga. Batun nasara daga wasiƙun Bulus yake, musamman Romawa 6, inda aka siffanta baftisma da mutuwa da tashi tare da Almasihu, da ƙarshen 1 Korintiyawa 15.

Tarihin koyarwar

A farkon ƙarni na 5 Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya yi jayayya da wani malamin Kirista mai suna Pelagiyus kan ko ɗan Adam zai iya barin zunubi da ƙarfin kansa. Taron bishop-bishop na Kartej na 418 ya bi bayan Agustin: sai da alherin Allah. A 1215 cocin Roma ta wajabta wa kowane mai bi furta zunubansa ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Martin Luther ya ta da ƙura a 1517 kan sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ya koyar cewa ta bangaskiya kaɗai ake kuɓutar da mutum. Taron Trent na cocin Roma, daga 1545 zuwa 1563, ya mayar da martani ya kuma tabbatar da furci a gaban firist.

Reshen da ya fi shafar Maradi ya zo daga baya. A ƙarni na 18 John Wesley ya koyar cewa mai bi zai iya kaiwa ga cikar ƙauna tun a duniya. Daga 1875 taron shekara-shekara na Keswick a Ingila ya yaɗa wa'azin rayuwar nasara, wato Ruhu Mai Tsarki na danne zunubi a zuciyar wanda ya miƙa kansa gaba ɗaya, ko da bai tumɓuke shi ba. Ƙungiyoyin mishan da yawa na ƙarshen ƙarni na 19 sun sha daga wannan rijiya.

Isowarta ƙasar Maradi

Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka soma a 1893, ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924. Wajen 1927 ko 1928 ta buɗe tasha a Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, 'yar tafiya kaɗan daga Maradi. Tashar cikin garin Maradi ta biyo baya wajen 1940. Asibitin Galmi, a jihar Tawa, ya buɗe a 1950, cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja kuwa a tsakiyar shekarun 1950. Ta makaranta da asibiti da gonar mishan ne yawancin masu bi na farko suka ji bishara.

Abin da ya ba wa'azin ƙarfi shi ne littafi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya yi fice a cikinsa a Nijeriya, aka kuma fitar da sabuwar fassara wajen 1979 zuwa 1980. Littattafan waƙoƙin Hausa ma daga kudu suka hauro, shi ya sa kalmomin ibada a Maradi da Kano da Jos kusan ɗaya ne, duk da iyakar da ta raba su.

Mishan ɗin bai ɗauki tuba abin baki kawai ba. Ana sa ran sabon mai bi ya bar giya da bori da laya, ya shiga ajin baftisma, ya ba da shaida a gaban jama'a. Auren mace fiye da ɗaya ya hana maza da yawa baftisma. Wanda ya faɗi cikin zunubin da ya fito fili, dattawan ikilisiya kan sa shi a horo: a hana shi Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har wani lokaci, sannan a mayar da shi a gaban taro. A nan ne gafara ta zama abin da ido ke gani, ko da yake horon ya sha faɗa wa mata fiye da maza, tunda ciki ba ya ɓoyuwa.

Wajen 1960 zuwa 1961, daidai da samun 'yancin kan Nijar, ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu a ƙarƙashin sunan EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. An samu rarrabuwa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. A shekarun 1990 kuma majami'un Fentikos suka bunƙasa, suna haɗa nasara bisa zunubi da warkarwa da korar aljanu. Cocin Katolika ta kafa dayosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 2001, Ambroise Ouédraogo ne bishop na farko.

Yadda ake yi

Ista na faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar zafin bazara a Maradi. Litinin ɗin da ke biye ranar hutu ce a Nijar.

Katolika kan fara da Larabar Toka. Ana ƙone ganyen da aka ɗaga a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke zuwa mako guda kafin Ista, firist ya shafa tokar a goshin kowa da alamar gicciye. Kwana 40 na azumi da furci ke biye, ba a rera Halleluya a cikinsu. Daren Asabar wayewar Lahadin Ista ake hura wuta a ƙofar coci, a kunna babbar kyandir daga gare ta, kowa ya kunna tasa daga ta maƙwabcinsa har hasken ya game ɗakin, sannan a yi wa sababbin masu bi baftisma.

A majami'un bishara, irin su EERN, nauyin yana kan wa'azi da waƙa. Fasto kan ce da jama'a "'yan'uwa cikin Almasihu", su kuma su kira shi Baba Fasto ko Malam. Zumuntar Mata, cikin zane iri ɗaya, kan rera waƙoƙin tashin Almasihu, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Kafin Jibin Ubangiji ana karanta gargaɗin 1 Korintiyawa 11, a nemi masu gaba da juna su shirya tukuna.

Saɓani

Kiristoci ba su daidaita ba kan iyakar nasarar: wasu na riƙe da Romawa 7, cewa kokawa da zunubi ba ta ƙarewa sai mutuwa, wasu na ganin wannan rashin bangaskiya ne. Musulunci bai yarda da gadon zunubin Adamu ko gicciye Annabi Isa ba, yana koyar da tuba kai tsaye ga Allah. An kai wa majami'u hari a Maradi a Nuwamba 2000 da Yuni 2019.