Tasirin Jagoranci da Juriya ga Kiyaye Haɗari a Wurin Aiki

Halin kiyaye haɗari a wurin aiki shi ne duk abin da ma'aikaci yake yi don kare kansa da abokan aikinsa daga rauni ko cuta. A shekarar 2000, masana halayyar ɗan Adam Mark Griffin da Andrew Neal sun kasa shi gida biyu. Na farko bin ƙa'ida, kamar sanya hular kwano da safar hannu. Na biyu sa hannu da son rai: ankarar da abokin aiki, kai rahoton haɗarin da aka tsallake, ba da shawarar gyara. Na farkon ana iya tilasta shi, na biyun kuwa sai mutum ya ga dama, kuma a nan ne aka fi ganin tasirin shugaba.

Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Dov Zohar ya wallafa a 1980 kan masana'antu 20 a Isra'ila ya nuna cewa ma'aikata suna lura da yadda shugabanni suka ɗauki kiyaye haɗari da muhimmanci. Takardar da aka manna a bango ba ta cika shiga kansu ba. Abin da suke kallo shi ne yadda shugaba zai yi ranar da lokaci ya ƙure: zai dakatar da injin a duba shi, ko zai kau da kai? Idan aka ci mutuncin wanda ya faɗi kuskurensa, sauran sai su ja bakinsu su yi shiru. Bayan gobarar dandamalin haƙar mai na Piper Alpha a 1988, wadda ta halaka mutum 167, binciken da alƙali Lord Cullen ya jagoranta ya gano sakaci a tsarin ba da izinin aiki da kuma sa idon shugabanni. Ma'aunin ISO 45001 na 2018, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan kula da lafiya da kiyaye haɗari a wurin aiki, ya ɗora alhakin wannan fanni a wuyan manyan shugabanni.

Juriya kuwa ita ce iya farfaɗowa bayan matsi, gajiya ko firgici. Masanin gudanarwa Fred Luthans ya lissafa ta cikin halaye guda huɗu masu ƙarfafa ma'aikaci da ya kira jarin zuciya, tare da fata, yarda da kai da kyakkyawan zato. Mai juriya ya fi riƙe natsuwarsa idan abu ya rikice. Sai dai akan yi wa juriya mummunar fahimta, a yabi wanda ya daure da injin da ya lalace, alhali gyara ya kamata a yi. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga rayuwarsa nan take.